Kafin ki raba takardar tambaya ko ɗaya, bi kwandon tumatir tukuna

Wata ɗaliba 'yar aji huɗu a sashen nazarin labarin ƙasa ta tambaya: "Malam, kundina na gama digiri a kan noman rani ne a bakin tsofaffin ramukan kuza na Jos ta Kudu, da abin da yake kawo wa mutane. An ce in raba takardun tambaya 400. Ni kuwa ban san manoma nawa ne a wurin ba, ban ma san ta inda zan fara ba. Yaya ake aikin fili a irin wannan?"

'Yata, sannu da ƙoƙari. Batun da kika zaɓa mai kyau ne. Kuma da kika ce ba ki san manoma nawa ne ba, kin taɓo ainihin matsalar binciken tattalin arziki a ƙasa irin tamu. Ba ke kaɗai ba ce. Babu inda za ki shiga a miƙo miki cikakkiyar rajistar 'yan lambun da ke bakin kududdufan Bukuru ko Rayfield ko Bisichi. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, ita ma ba ta ƙirga fangali ko injin ban-ruwa ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan sana'arsu ba ta cikin tsarin hukuma. A 2014, da aka sake lissafin arzikin ƙasa aka ɗaga shekarar ma'auni daga 1990 zuwa 2010, adadin ya kusa ninkawa a dare ɗaya, ya kai wajen dala biliyan 510. Ba a noma ƙarin buhu ko ɗaya a daren ba, an dai fara ƙirga abin da dama yana nan. Ɗalibi a Jamus yana iya zama a ɗaki ya sauko da alƙaluman gonakin gundumarsa daga intanet. Ke kuwa, abin da ba ki ƙirga da ƙafarki ba, babu shi a kundinki.

Amma kafin ƙirga, ki san me ya kawo ruwan wurin, don shi ne rabin babinki na farko. Mutanen tsaunin nan da maƙwabtansu sun daɗe suna wanke kuza kafin Turawa. Haƙar kamfanoni ta kankama ne a farkon shekarun 1900. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos a 1914, babban layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya iso a 1927, kuma kamfanin NESCO ya kama ruwan Kurra ya samar da lantarki saboda injunan haƙa. Haƙar ta kai ƙololuwa a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, inda aka fitar da wajen tan 17,000, da gumin dubban mutanen da aka kwaso ala tilas daga lardunan Arewa. Dubi taswirar wancan zamani da kyau: layin dogo daga bakin rami ya nufi bakin teku. Ɗanyen kuza ake lodawa a kai Ingila a narke, sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narkewa ta Makeri a Jos. Wannan shi ne fasalin tattalin arzikin mulkin mallaka da kuka karanta a aji, ga shi a ƙofar gidanku. Daga baya kuza na sama-sama ya ƙare, kamfanoni suka ja da baya, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Oktoban 1985. Suka tafi suka bar ramuka, tsibin jar ƙasa, itatuwan turare da aka dasa a wuraren da aka yi ƙoƙarin cikewa, da garuruwan da barikin leburorin haƙa ya haifa, irin su Barikin Ladi da Sabon Gida. Ramukan suka cika da ruwan sama. Noman lambu da aka fara don ciyar da Turawan kuza da kabeji da karas da latas sai ya zama abin dogaron tsofaffin lebura da 'ya'yansu da 'yan ci-rani, daga baya kuma masu ƙasar da yawa suka shiga da ƙarfinsu. Jigo ya ba wa ƙaramin inji mai shan fetur wuri, musamman daga shekarun 1980 zuwa 1990. Haɗa wannan da tudun da ya kai mita 1,200 da sanyinsa, sai ki gane dalilin da koren wake da dankalin turawa suke yi a nan fiye da sauran wurare.

To, aiki. Makon farko kada ki ɗauki takardar tambaya. Buɗe Google Earth a kwamfuta, ki nemo hotunan watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Duk inda kika ga kore shar a gefen ruwa, lambu ne. Akwai wurin da za ki ja lokaci baya ki ga yadda wurin yake shekara goma ko sha biyar da suka wuce. Hotunan tauraron Sentinel-2 kyauta ne tun 2015, kuma kowane ɗigo a cikinsu mita 10 ne a ƙasa. Na Landsat mita 30 ne, ya fi kai wa baya a tarihi, amma ƙaramin lambu yakan ɓace a cikinsa. Idan sashenku yana da tsohuwar taswirar Naraguta, shafi na 168, ki ɗauki hotonta. Sai dai ki lura, an zana ta a kan ma'aunin Minna, wayarki kuma tana aiki da ma'aunin WGS84. Idan ba ki daidaita su a manhajar taswira ta QGIS ba, gona tana iya gocewa da gomman mitoci, ki tarar da kabejin wani a tsakiyar ruwa.

Daga nan ki zaɓi kududdufai uku ko huɗu, ba ashirin ba. Ɗaya a bakin kwalta, ɗaya can ciki inda sai babur, ɗaya kuma wanda gari ya fara cinyewa da gine-gine. Masanin raya karkara Robert Chambers ya daɗe da yin gargaɗi, tun 1983, cewa masu bincike suna son bakin titi, suna son mutumin da ya iya magana, suna son lokacin da hanya ta bushe. Har gobe haka ɗalibai suke yi, saboda kuɗin mota.

A kowane kududdufi ki tsaya a bakin ruwa ki miƙe a layi ɗaya har inda kore ya ƙare, kina rubuta abin da kika taka. Za ki ga inji a kan dutse ko tsohuwar taya, jarkar fetur a inuwa, tiyo ya haura tsibin ƙasa an ɗaure inda ya fashe da robar tayar keke. Yaro yana tsaye da fartanya yana buɗe bakin fangali ɗaya yana toshe wani. A gefe ga tarin toka da shara da aka kwaso daga gari, an tsince leda da kwalba. Kada ki wuce wannan tarin. Ƙasar da aka wanke kuza a cikinta ba ta da ƙarfi, kuma masu bincike daga Jami'ar Jos da Jami'ar Durham ta Ingila sun yi rubutu a kan yadda 'yan lambun Jos suke haɗa tokar juji da kashin kaji da takin zamani su farfaɗo da ita. Wannan ciniki ne mai zaman kansa tsakanin gari da gona, da masu tara shara, da masu mota. A kowane taku hamsin ki danna wurin a GPS ɗin waya, ki rubuta abin da aka shuka da nisansa da ruwa. Wayar hannu takan yi kuskuren mita biyar ko makamancin haka, wanda ya isa ga irin wannan aiki, amma bai isa auna ƙaramin fangali ba. Wannan sai da tef.

Yanzu maganar 400. Lambar ta fito ne daga wata dabarar lissafi ta Taro Yamane ta 1967, wadda kusan kowane kundi a jami'o'inmu yake kwafa. Idan ka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, duk yawan jama'ar da ka zuba mata amsar ba ta wuce 400. Mutum miliyan ɗaya, kusan 400. Mutum 1,000, amsa 286. Mutum 240, amsa 150. Wato dabarar tana buƙatar ki fara sanin yawan mutanen, kuma tana ɗauka cewa kowa a cikinsu yana da damar a zaɓe shi daidai da kowa. Wanda ya tsaya a bakin titi ya tare duk wanda ya gani har ya cika 400 bai cika ko ɗaya daga sharuɗɗan ba. Abin yi shi ne ki zagaya kowane kududdufi tare da shugaban 'yan lambun wurin, ki ba kowace gona lamba. A ce kin sami 240. Idan 60 za ki iya bi da kyau, ki rubuta ɗaya zuwa huɗu a guntayen takarda, ki sa yaro ya zaro ɗaya, ki fara daga wannan lambar, sannan ki riƙa ɗaukar kowace gona ta huɗu. Wadda ta faɗo a kanki ita ce, ko mai ita ba ya nan sai kin dawo. A ganina gona 60 da aka zaɓa haka, aka ziyarta sau biyu ko uku, ta fi takarda 400 da aka cike rabinsu a ɗakin kwanan ɗalibai, kuma mu da muke duba kundaye muna gane irin waɗannan daga shafin farko. Ki kai wa malaminki taswirar da jerin lambobin, cikin ladabi, ki nemi shawararsa. Malami da wuya ya ƙi hujjar da ta zo da taswira. Idan ya ce sai 150, to 150 ɗin, amma a zaɓe su ta wannan hanya.

Ki kuma yanke tun farko me kike ƙirgawa, gona ko mutum ko gida. Mutum ɗaya yana iya riƙe gona uku a kududdufai biyu. Gona ɗaya kuma tana iya zama ta mai ƙasa, a hannun mai haya, da kuɗin wani ma'aikaci a gari, ɗan ƙwadago ne kike gani a ciki. Idan kika tambaye shi "gonarka ce?" zai ce e, kuma bai yi ƙarya ba. Tambayi yadda aka same ta: gado, saye, haya, aro ko jingina, da abin da ake biya, da wanda ke karɓa.

Inda na fi so ki daɗe shi ne ma'auni. Manomi zai ce miki ya tsinki kwando talatin. Wane kwando? Akwai babba na lodin Kudu, akwai ƙarami na kasuwar gari, akwai kiret na roba da ya fara shigowa. Ko kwando iri ɗaya ne, cikarsa ba ɗaya ba ce: ranar da kaya suka yi yawa ana yi masa tozo, ranar da suka yi ƙaranci da kyar ya kai baki. Buhun karas da na kabeji akan ƙara musu baki a ɗinke har su fi tsayin da aka saƙa su. Wani lokaci ma babu kwando babu buhu, mai saye ya zo ya zagaya gonar kabeji ya yi mata kuɗi a tsaye gaba ɗaya. A wajen masu kasa kaya a tire kuwa, farashin kashi yakan tsaya yadda yake, tumatir ɗin cikinsa ne ke raguwa daga bakwai zuwa huɗu, gyara ma ta ɓace. Wanda ya rubuta farashi kawai zai ce ba a sami tsada ba. Saboda haka ki sayi sikelin rataye, ba shi da tsada. Ki roƙi izini ki auna kwanduna goma sha biyar ko ashirin na kowane iri, cike da kuma wofi, a ranaku daban-daban. Ki rubuta mafi nauyi da mafi sauƙi da matsakaici. Daga ranar kina iya mayar da "kwando talatin" zuwa kilo, ki kwatanta gona da gona. Ba tare da wannan ba, duk jadawalin da za ki zana a babi na huɗu ado ne.

Kada ki tambayi kowa "nawa kake samu a shekara?" Ko ni aka yi wa wannan tambaya sai na yi jim. Wani zai ɗauka haraji ne ya rage, wani zai ɗauka tallafi ne ya ƙara yawan asara, mafi yawa kuma ba su taɓa haɗa lissafin a dunƙule ba, don kuɗin yana shigowa ne tsinka bayan tsinka yana fita a fetur da cefane. Ki farfasa tambayar. Yaushe ka yi tsinka ta ƙarshe, kwando nawa, nawa aka saya, wa ya saya? Sau nawa kake ban-ruwa a mako, lita nawa inji yake sha kowane karo? Buhun taki nawa ka zuba, feshi sau nawa, 'yan ƙwadago nawa, da abinci ko babu? Waɗannan mutum yana tuna su. Ke za ki haɗa jimla a gida. Fetur ki ba shi shafi na kansa, domin tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin noman rani ya canja, har wasu suka juya injinsu ya koma shan gas ɗin girki. Haka kuma duk wanda ya noma tumatir a 2016 yana tuna tsutsar nan Tuta absoluta da manoma ke kira sharon. Irin waɗannan shekaru su ne turakun da za ki ɗaure tambayoyin tarihi a jikinsu: "kafin sharon ko bayanta?" ya fi "a wace shekara?" samun amsa.

Sai ki bi kayan. Nan ne labarin ƙasa ya rabu da ilimin aikin gona. Ki roƙi wani manomi ki raka kwandunansa tun daga gona: wa ya ɗauko su zuwa bakin hanya, nawa a kan kowane kwando, wace mota, nawa aka biya a ƙofar kasuwa. Ki isa kasuwar kayan lambu ta Farin Gada a Jos da sassafe, kafin rana ta yi zafi. 'Yan dako suna sauke kaya, dillali yana ɗaga ciyawar da aka rufe kwando da ita yana cusa hannu ya ga ko na ƙasa ya yi daidai da na sama, mata 'yan sari daga Kudu suna tsaye da jaka a gaba, ana ciniki da Hausa da Turancin kasuwa a haɗe. Ki sami wuri kusa da inda ake lodi, da izinin shugabannin kasuwa, ki riƙa rubuta kowace mota: irinta, abin da ta ɗauka, inda ta nufa. Abuja, Anacha, Aba, Fatakwal, Legas. Ki yi haka a ranakun da kasuwar ta fi ci da ranakun da ba ta ci sosai, awanni iri ɗaya, na mako uku. Abin da zai fito taswira ce mai kibau, kaurin kowace kibiya gwargwadon kayan da suka bi ta. Ita kaɗai ta isa a tuna da kundinki.

Dillali kuma kada ki shiga da tunanin da littattafai da yawa suke cusawa, cewa shi ne azzalumin da ke cinye gumin manomi. Auna tukuna. La'adarsa nawa ce a kan kwando? Shi ya ba da kuɗin iri da taki tun Oktoba? Idan mai saye ya tafi da kaya bashi bai dawo ba, wa ke biyan manomi? A wurin da banki ba ya ba ɗan lambu rance, kuma babu ɗakin sanyi da zai ajiye tumatir ya jira farashi, dillali yana yin aikin banki da na inshora da na mai ba da labarin kasuwa. Yana iya yiwuwa yana cin fiye da haƙƙinsa. Lissafinki ne zai nuna, idan kin jera abin da kowa ya karɓa daga farashin ƙarshe na kwando ɗaya.

Za a so ki kawo ka'ida, kuma ta masanin tattalin arziki Bajamushe von Thünen ta 1826 ce za ta fara zuwa: kayan da ke saurin lalacewa ana noma su kusa da gari, masu jure ajiya can nesa, zobe bayan zobe kewaye da garin. Gwada ta, kada ki haddace ta kawai. A cikin Jos tana da ɗan gaskiya, latas da ganyayyaki sun fi yawa a lambunan da ke kusa, irin na bakin kogin Dilimi. Amma tumatir da kabejin da ke tafiyar kilomita wajen dubu zuwa Legas sun karya zoben. Von Thünen ya ɗauka ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce iri ɗaya, mai kasuwa ɗaya. Nan kuwa tudu da sanyi da ruwan rami su suka zaɓi wurin noma, kuma nisa ba a kilomita ake jin sa ba, a kuɗin dizal ne, da lalacewar hanya, da yawan shingayen da direba zai tsaya. Ki tambayi direbobi awa nawa suke yi da nawa suke kashewa a hanya. Idan kika nuna inda ka'idar ta yi aiki da inda ta gaza, da dalili, kin yi abin da ake nema ga mai digiri.

Akwai abin da ba a rubutawa a littafin hanyoyin bincike amma Jos ta wajabta shi. Rikicin Satumban 2001 da na 2008 da na 2010 sun sake zana taswirar garin: inda mutane ke kwana, inda suke saye da sayarwa, hanyar da suke bi. Gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002 ita ma ta watsa 'yan kasuwa. Maganar wa ke da ƙasa da wa ke haya a bakin ruwa tana da zafi. Ki karɓi takarda daga sashenku, ki fara da gaisuwa wurin mai unguwa ko dagaci, sannan shugaban manoma. Ki tafi da abokin karatu ɗan yankin, wanda yake jin Berom idan can za ki. Hausa za ta kai ki ko'ina, amma tsohuwa ta fi sakin jiki da harshenta. Ki faɗi gaskiya cewa karatu ne, babu taki babu rance a bayansa. Kada suna ko lambar wayar kowa ya shiga kundi. Kasancewarki mace zai buɗe miki ƙofar matan da ke cira da tsinka da wanke karas da sari, waɗanda ɗalibai maza kan tsallake. Ki kiyayi gaɓar kududdufi, tana da zurfi tun daga baki kuma tana zabtarewa, da ramukan masu haƙar loto, wato haƙar kuza da hannu, da ciyawa ke rufewa. Maganar ko ruwan yana da guba kuwa, kada ki rubuta komai a kai sai idan kin kai samfuri ɗakin gwaji. In ba haka ba ki bar wa masu wannan fanni.

Kowace yamma, kafin ki kwanta, ki mayar da abin da kika rubuta cikin kwamfuta, ko ki yi amfani da KoboToolbox, manhajar cike takardun tambaya, a waya, yana aiki ko babu sabis. Littafin hannu dai kada ya bar jakarki, don abin da mutum ya faɗa bayan kin rufe takardar tambaya sau da yawa ya fi abin da ke cikinta.

Saura lokaci. Damina a Jos daga Afrilu ne zuwa Oktoba, kuma wanda ya je bakin kududdufi a Agusta masara zai tarar, an kai inji gida. Aikinki tsakanin Disamba ne da Maris. Amma a lokacin kaya sun cika kasuwa, farashi yana ƙasa. Idan jadawalin makaranta ya bari, ki koma Farin Gada na 'yan kwanaki a Mayu ko Yuni, lokacin da na rani ya ƙare na damina bai iso ba, da sikelinki, ki sake auna kwando da kashi. A taken kundin kuma ki rubuta sunayen kududdufan da kika yi aiki a kansu da shekarar noman, kada ki rubuta "Jihar Filato".